Kafin Ki Tsaya Gaban 'Yan Shekara Goma Sha Uku

Malbaza, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki kin sauka Illela lafiya, ke da kayanki, ba abin da ya fashe, ba abin da ya ɓace. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki. Amin.

Madam! Bari in sake rubutawa, don hannuna ma ya ji daɗin da bakina ke ji: Madam. Tun ranar da takardarki ta fito anka ce an ba ki aikin koyarwa, ƙafafuna ba su san tabarma ba. Jiya sau biyu na zuba wa miya gishiri, babanki ya shanye tas, don shi ma bai san abin da yake kai wa baki ba. Ya bi layin motocin siminti tun daga bakin kamfani har titi yana gaya wa direbobi, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Wani ya tambaye shi ko Illela ta Najeriya ce, ya ce, “A'a, tamu ta nan! Gwamnati ce da kanta ta kira ta.” Sai ki ce mulkin ƙasar anka ba ki.

Za ki ce me ya kawo takarda, ga waya a hannun kowa. In na buɗe baki gabanki, ko dariya ta ƙwace mani ko kuka, magana ta watse. Saƙon murya kuma, wata rana waya ta cika ki goge shi. Shi ya sa na cusa wagga cikin kayanki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na samo shi.

Kin ce mani ajin farko da na biyu na kwaleji anka ba ki, yara 'yan sha biyu zuwa sha huɗu. Da na ji haka na yi guɗa, daga baya kuma na zauna ina tunani. Na san waɗannan shekaru ta fuska biyu. Na bi ta cikinsu ina yarinya, na sake bi ta cikinsu ina uwa, kuma duk sau biyun na yi ɓarna. Ba ni da ilimin da zan ƙara maki, kin fi ni nesa ba kusa ba. Kurakuraina kawai gare ni, su zan ba ki guzuri.

Ina da shekara goma sha uku ina ajin ƙarshe na lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, can wajen Dogarawa. Mu huɗu ne mata a ajin, kuma a lissafi ko mazan ba su kamo ni. Shekarar nan ni kaina ban gane kaina ba. Ɗan akuyarmu ya mutu na yini ina kuka kamar an yi mani rasuwa, washegari kuma kaza ta zame a laka na yi ta dariya har cikina ya ƙulle. In innata ta dube ni sau biyu sai in ce ta tsane ni. Jikina ya fara sauyawa, kullum ina tafe a duƙe, na rungume kaye, littafin rubutuna, a ƙirji, ina jin kamar duk ƙauyen ni suke kallo.

Wata safiya Mushe, malaminmu, ya kira ni gaban allo. Ashe a ranar na fara ganin al'ada, ban sani ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mani tana tafe. Zanena ya ɓaci ta baya. Wani ya tuntsire da dariya, aji ya ɗauka. Mushe bai ma ga abin da ya faru ba, yana gefe. Murmushi kawai ya yi ya ce, “Hadiza, yau kuma me kinka yi masu?” Na shafa bayana, na dubi hannuna. Wallahi ɗiyata, da ƙasa ta tsage da na gode mata. Na yi jifa da alli, na nufi ƙofa, na juyo na ce da ƙarfi, “Na rantse da Allah na bar lakwal har abada!”

Sau uku bawan Allahn nan ya tako kekensa har ƙofar gidanmu. Zuwa na uku da matarsa ya zo. Ta shigo ta iske ni a ɗaki ta ce, “Hadiza, kowace mace ta ga wagga rana. Yaran sun ma manta. Tashi ki ɗauko kayenki.” Gaskiya ta faɗa, sun manta. Ni ma tun kwana na biyu zuciyata ta huce, ina marmarin komawa kamar me. Amma na rantse gaban mutane, kuma a ganina komawa ya fi mutuwa kunya. Babana, wanda dama lakwal ba ta dame shi ba, ya ce daga zaure, “Tunda ta rantse, a bar ta.” Kalma ɗaya ce ta rage gare ni. In ce ina so. Na dafe bakina, ina jin ƙarar keken har ya ɓace. Sai da na girma na san rantsuwa irin wannan kaffara ake yi mata a wuce. Fushin safiya ɗaya na biya da karatuna duka.

To ki riƙe wannan. “Har abada” na ɗan shekara goma sha uku, iyakarsa la'asar. In yaro ya faɗi babbar magana cikin zafi, kada ki kama shi da ita, kada ki ce, “Maimaita in ji,” gaban 'yan uwansa. Zai maimaita, kuma daga nan ya ɗaure kansa da igiyar da ba ya iya kwancewa. Ki bar mashi hanyar dawowa wadda ba sai ya sunkuyar da kai ba. Aike shi ya ɗauko maki alli, ya dawo ya zauna kamar ba a yi ba. Ki riƙa ajiye zane ɗaya na daban cikin jakarki, wata rana wata za ta yi maki addu'a har ta tsufa. Mazan ma kada ki ce su duwatsu ne. In ɗa namiji yana karatu muryarsa ta karye, ta hau sama ta faɗo kamar ɗan zakara mai koyon cara, ki daure, ko leɓenki kada ya motsa. Aji fuskarki suke kallo kafin su yi dariya.

Kina tsammanin wanda wuta ta taɓa ƙonawa zai gane ta ko daga nesa. Ina! Da naki lokacin ya zo, sai na zama kamar ban taɓa yin ƙuruciya ba.

Har kinka kai sha biyu, ke yarinya ce mai sanyi, ko ƙuda ba ki kora da ƙarfi. Sai kawai kamar an musanya mani ke a kasuwa. A ce maki sannu ki kumbura, a yi shiru ki ce an share ki. Kin tuna ranar da gwaggonninki sunka zo daga Konni? Ke kinka roƙa in bar maki tuƙin tuwo, kina so su ga kin iya. Tuwon ya yi gudaji. Ni kuwa don in sa baƙi nishaɗi na ce, “Ku ci da haƙuri, mai koyo ce. Wanda ya tsinci dutse ya ajiye mata gefe.” Sunka yi dariya, dariyar ƙauna ce ma. Sai ji na yi muciya ta wuce ta gabana, ta daki tukunyar miya, miya ta bi ƙasa. Ban san lokacin da na tashi na ɗauke ki da mari ba. Ba ki yi kuka ba. Kin tsaya kina dubana, idonki a bushe, kamar ba ki taɓa ganina ba. Har yau in na tuna kallon nan sai tafin hannuna ya yi mani nauyi.

Kuskure biyu na yi cikin numfashi ɗaya. Na yi wasa da abin da kinka sa zuciyarki duka a kai, sannan da kinka kama da wuta na zo da tawa wutar. Kin san ƙoramar Maggiya in ta kawo ruwa ta datse hanya. Direba mai hankali kashe mota yake, ya sauko ya nemi mai shayi. Ba tsoro ba ne, ya san in ya jira ruwan zai janye ya wuce lafiya. Mai gaggawa shi ake tsamowa. In yaro ya taso maki haka, ki rage murya, ki ce, “Je ka sha ruwa, za mu yi magana in an tashi.” Ba cewa na yi ki bar su su hau kanki ba. Wanda ya zubar da miya sai ya kwashe. Amma hukunci bayan ruwa ya janye, kuma ku biyu, ba gaban taro ba.

Ban tsaya nan ba. Na kai kukana wajen maƙwabta, wata ta ce ai wannan ba yin kanki ba ne, iskoki ne. Na yarda, don ya fi mani sauƙi a ce iska ce da a ce ni ce ban iya ba. Na cika maki ɗaki da hayaƙi har kina tari. Kafin sati ya zagayo magana ta kai famfo, 'yan mata na matsawa in kin zo ɗibar ruwa. Bakina ne ya jawo maki. Don haka abin da ɗalibi ya yi a ajinki, kada ya zama abin hira a inuwar malamai. Suna ne ke manne wa yaro, ya fi ƙaya wuyar cirewa.

Allah Ya taimake ni da ciwon kan da kinka riƙa yi, na kai ki asibiti. Likitar mace ce, babba, mai tabarau. Ta duba ki, ta ce ki je waje ki jira. Na matso na rage murya na ce mata ana zaton iskoki ne.

Ta ce, “Baiwar Allah, ɗiyarki ba ta da iska ko ɗaya. Girma ne ya zo mata.”

Na ce, “Girma ke sa mutum jifa da muciya?”

Ta yi dariya ta ce, “Kin taɓa ƙonewa?” Na nuna mata tabon mai a hannuna. Ta ce, “Da ya fara warkewa sabuwar fata ta fito, yaya kike ji in zane ya goge ta?”

Na ce, “Kamar an barbaɗa barkono.”

Ta ce, “To haka zuciyarta take yanzu. In jiki ya fara balaga, akwai abubuwan da ke tashi cikin jini. Su ke sauya jiki, su ke kuma sa komai ya shiga zuciya da ƙarfi. Fushi da ƙarfi, kunya da ƙarfi, murna da ƙarfi. Shi kuwa hankalin da zai ce mata dakata, yana baya, sai nan da wasu shekaru zai cim ma jikin. Ba ƙarya take ba, ba kuma rashin kunya ba ne. Abin da kike gani ƙarami, ita da gaske yake mata ciwo.” Sai ta sauke tabarau ta dube ni. “Ke da kina kamarta, lafiya lau kinka wuce?”

Sai na tsinci kaina ina share ido da bakin mayafi, gaban matar da ban taɓa gani ba.

Ta ƙara mani da abu ɗaya, ke ma ki riƙe shi da kyau. Ta ce mai kuka yau ya yi dariya gobe, wannan hanya ce, zai wuce. Wanda za a ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru sati da sati, ya bar abinci, ya bar abokai, ko ya fara ambaton mutuwa. Irin wannan ba a jira, a nemi iyayensa a kai shi asibiti. Mai surutu ba zai ɓace maki a aji ba. Ki riƙa ƙirga masu shiru.

Da na ce maki daga ranar na gyaru, da na yi ƙarya. Na daina duka, na daina hayaƙi, amma ban gane cewa murna ma ta ƙofar nan take shigowa ba. Wata rana kinka shigo gida a guje, mayafi a hannu, takalmi ɗaya ya tsinke, kina kiran “Inna! Inna!” tun daga zaure. Fuskarki kamar an kunna fitila. Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne budurwa ta ratso gari kai a buɗe. Na ce, “Rufe jikinki. Ke ba yarinya ba ce da za ki riƙa tsalle a titi.” Fitilar ta mutu nan take. Kinka yafa mayafin, kinka shige ɗaki. Sai bayan kwana biyu na ji a bakin maƙwabciya cewa ke kinka zo ta ɗaya a ajinku, maza da mata. Ni uwarki, a bakin wata na ji. Daga ranar kinka daina kawo mani labari, mai daɗi ko marar daɗi.

Ɗiyata, in yaro ya zo maki da murnarsa a hannu, ki fara karɓa. Gyaran mayafi ba ya gudu. Kuma nan ne daɗin aikinki yake, nan ne nake maki murna har nake jin kamar in bi ki! Zuciyar da ke jin zafin ƙaramar magana, ita ce ke jin daɗin ƙaramin yabo. Babba in kin yabe shi ya ce na gode ya manta. Waɗannan kuwa, ki ce wa ɗaya, “Kai, kanka na ja,” ya ɗauke ta ya kai gida, ya kwana da ita, ya tashi da ita shekara talatin. In sun so ki, da dukan ransu za su so ki. In kin nuna masu abu ya shige su, za ki ga aji ya tashi kamar kasuwar Konni. Ba a taɓa ba ki mutane masu rai kamar waɗannan ba. Wallahi kin yi sa'a.

Saura ɗaya. Wannan ba ki san shi ba, kuma shi ya sa na kasa yi maki magana baki da baki.

A shekarar da kinka yi shirun nan na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci. Abin da na koya a lakwal duk ya gudu, sai ga shi yana dawowa, da Hausa kuma. Zumuɗi ya kama ni, komai na gani sai na karanta, buhun siminti, bayan mota, kwalin ashana. Wata rana da hantsi kina lakwal ina kakkaɓe shimfiɗarki, sai wani kaye mai shuɗin bango ya faɗo. Na buɗe don in gwada kaina. Da Hausa kinka rubuta, kin tabbata ba mai iya karantawa a gidan. Na bi da yatsa, harafi bayan harafi, har na haɗa wannan: “Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina jin ba ta sona.”

Na zauna a ƙasa. Ke ɗiyar fari ce, kuma sunan uwar babanki gare ki. Kunya biyu ta hau kaina. Haka na ga innata ta yi da yayana, haka kowace mace ta gari ke yi, ba a kiran ɗan fari, ba a jawo shi jiki gaban mutane. Babba ya san wannan alkunya ce, ya san ƙaunar na nan ƙarƙashi. Ban taɓa tunanin yadda abin ke sauka a zuciyar 'yar shekara sha uku ba, wadda ke jin ana kiran kowa da sunansa, ita kuwa sai “ke” da “yarinyar nan”.

Tsoro ya kama ni kada wani ya gani, na ɓoye kayen cikin kayana. Kwana uku kina birkice gida kina nema, idonki ja. Kinka zo kinka tsaya kaina kinka ce, “Inna, ba ki ga wani kaye mai shuɗin bango ba?” Na ce, “Ni ina ruwana da kaye?” Ƙarya na yi maki. Na karanta abin da ba nawa ba, na ɗauke, na kuma bar ki da zullumin wa ya gani. In kin kama takarda tana yawo a ajinki, kada ki karanta ta gaban aji, kada ma ki buɗe in ba dole ba. Ki mayar wa mai ita a ninke. A shekarun nan sirrin yaro shi ne ɗakinsa na farko, ba a shiga sai da sallama.

Abin da na iya yi bayan nan kaɗan ne. Na riƙa jawo tabarma kusa da ke in kina tsintar wake, in zauna ban tambaye ki komai ba. Daga baya na fara kawo maki nawa karatun in ce ki gyara mani. Kin tuna yadda kike ɗaure fuska kina cewa, “Inna, wannan ƙa ce, ba ka ba, sa mata ƙugiya”? Wata huɗu muna haka kafin wata rana, ba tare da kin ɗago kai ba, kinka fara ba ni labarin wata ƙawarki. Na riƙe numfashina kada in yi motsi ki fasa. Ni ce ɗalibarki ta farko, Madam, kuma ga shaida a hannunki.

Kayen yana can ƙasan akwatinki, na naɗe shi cikin kallabina mai ruwan goro. Shafi ɗaya na karanta, Allah ne shaida, ban ƙara buɗewa ba. Ki yafe mani.

Allah Ya sa ki shiga ajin nan da ƙafar dama. Ya ba ki haƙuri ranar da sunka tashi da zafi, Ya ba ki dariya ranar da sunka tashi da wauta. Ya tsare ki daga sharrin baki da na hanya, Ya kare lafiyarki, Ya sa yaran mutane su amfana da ke. Babanki na gaishe ki, ya ce ki kira da zarar kin sauka. Ki ci abinci, kada ki ce aiki ya hana ki.

Sunan kuma, ko bayan na karanta, sau nawa na ɗauko shi har bakin harshe ya koma. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Harshe ya ƙi, to bari hannu ya yi, ba mai gani sai ke.

Ramatu. Ina sonki tun ranar da anka aza mani ke a ƙirji, ban kuma fasa ba ko ranar muciya. Ramatu, ɗiyata. Allah Ya yi maki albarka.

Wassalam.

Innarki.